Ranar da Jirgi Ya Tsaya Bisa Masussukarmu

Ko tsufa ya raba ni da sunayen jikokina, ba ni manta ranar da jirgi marar matuƙi ya tsaya bisa masussukarmu, can wajen Fakku.

Ni dai na tashi zamanin da jirgin sama abin murna ne. Shekarun da kuɗi sunka yawaita, in mun ji ƙara sai mu fito muna ɗaga hannu, muna cewa alhazai ne.

To, wata kaka, lokacin da ɓarayin daji sunka addabe mu, munka yi gayyar sussuka bayan gari. Mata muna ga turame. Ɗana da abokansa suna jido dammunan gero bisa babura, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda ƙaiƙayi. Da hantsi munka ji wani gunji sama, kamar na zuma. Mun san labarinsa: shi gani yake yi, kuma abin da ya gani shi ke kiran babban jirgi mai wuta.

Ɗana ya tada babur, ya ce wa sauran su watse cikin kurmi. Sai ƙanen mijina, tsohon soja, ya riƙe mai ƙahon babur.

"Dubi kanku, yaro. Babura takwas, fuska naɗe, za ku shiga daji da gudu. In kai ne can sama, mi za ka ce kun zama?"

Ya sa sunka kwance rawunna, sunka zauna fili, rana na dukan kansu. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, ku koma ga turame. Bari shi ga sussuka."

Na ɗauki taɓarya. Ina dukan gero, idona na ga ƙeyar ɗana. Wasu sunka kama shiƙa, ƙaiƙayi na tashi. Abin ya kewaya, ya sake kewayawa, ya yi yamma. Har ƙararsa ta ɓace ba wadda ta aje taɓarya.

Ranar na gane yaƙin yanzu na mai sama ne, kuma shi bai san ɗan wa kake ba, aikin hannunka kawai yake gani. Tun daga nan, in tsoro ya ce mani gudu, sai na fara tambayar kaina yadda guduna zai yi kama ga wanda bai san ni ba.