Sajan da Mai Rediyonsa

Mahaifina ya yi shekara ashirin da biyu a soja, ya fito da igiya uku da kunne ɗaya da ba ya ji. Daga nan ya yi gadi a wani kamfanin katifa har gwiwoyinsa suka gaza. Duk unguwa Sajan ake ce masa, ni kuma Uwata yake kirana. Ba ka taɓa jin labarin yaƙi a bakinsa. In ka matsa masa sai ya ce, "An je, an dawo," ya tashi ya ba ka wuri.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, muka ɗauko shi ya dawo gidanmu. Ya samu sauƙi, yana takawa da sanda, amma yatsun suka ƙi. Likitan gashin ƙashi ya ce lallai ya riƙa motsa su. Maigidana ne ya kawo dabarar da har yau nake jin haushinta. Yana da na'urar gem da yake jonawa da talabijin, da girmansa da komai, ya ce ai danna maɓallan nan ma motsa yatsu ne.

Gem ɗin na yaƙi ne. Kana riƙe da soja ɗaya kana harbi da kanka, ga kuma mutum huɗu a ƙarƙashinka da za ka riƙa ba umarni: kai tsaya bayan bango, kai zagaya ta hagu. Ba a dakata maka ka yi tunani, wuta na zuwa kana ba da oda.

Keken ɗinkina a kusurwar falo yake, don haka a idona aka yi komai. Ranar farko Baba ya kalli wasan maigidana na minti biyar, sai ya ce, "Kai, wa ya koya maka? Ka tura yara fili kai kana laɓe?" Ya miƙa hannu ya karɓe rimot ɗin.

Maigidana yakan gama mataki a rabin awa, ko mutum nawa suka mutu ba ruwansa, tunda gaba za a ba shi wasu. Baba kuwa sai ya yini a kan guda. A kowace kwana sai ya tsaya ya ƙirga mutanensa da baki. Har suna ya raɗa musu: Dogo, Likita, Sarkin Barci da Mai Rediyo. Ko ɗaya ya faɗi, Baba zai koma farko. Yatsun kuwa suka fara saki, cikin wata biyu yana saka maɓallin rigarsa da kansa. Na yi murna, har na rage hararar maigidana.

Sai suka iso wata tashar jirgin ƙasa. Aikin shi ne a kwashe mutane a jirgi, Mai Rediyo yana saman rufi yana kiran agaji. Da jirgi ya motsa sai ya sauko da gudu, kafin ya kama ƙofa a harbe shi. Baba ya sake. Aka sake harbe shi. Ya canja wa Dogo wuri, ya jefa hayaƙi, ya tsaya da kansa a bakin dandamali, duk a banza. Sati uku muna tashar nan.

Ya rage cin abinci. Ina ɗinki ina jin numfashinsa yana sama-sama, jijiyar wuyansa ta miƙe. Da muka koma asibiti likita ya auna jininsa, ya kalle ni ya ce in ya ci gaba da hawa haka abin zai sake bugunsa, kuma na biyu ba ya zuwa da sauƙi. Na dawo na ɓoye rimot ɗin cikin yadikan mutane. Baba ya dogaro sandarsa ya tsaya a kaina.

"Uwata, ba ni. Yaro na can."

Muryar da ya yi maganar da ita ban san ta ba. Na ciro na ba shi.

Maigidana ya bincika a waya, ya same ni a kicin fuskarsa ba daɗi. "Wallahi haka masu gem ɗin suka tsara. Kowa ya buga, sai Mai Rediyo ya mutu a wurin. Ba hanya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ke za ki faɗa masa, ni ba zan iya ba." Gwanin kunna wuta, in ta kama a neme shi a rasa.

Washegari da hantsi na tsayar da keke, na zauna ta wajen kunnensa mai ji, na faɗa masa.

"Ko an tura Dogo ta bayan tankin ruwa?" ya tambaya.

"Ko an tura, Baba."

"Ko an tsayar da jirgin?"

"Ba ya tsayuwa. Haka aka rubuta shi."

Ya ɗora rimot ɗin a cinya. Na ɗauka sauƙi ya samu, har na fara gode wa Allah a zuci.

"Namu mota ce, ba jirgi ba," in ji shi, idonsa a kan talabijin. "Mai rediyonmu yana gudu yana zuwa, rediyo a bayansa, ga nauyi. Bai fi daga nan zuwa ƙofar gida ba. Direba ya juyo ya kalle ni. Na ce ja."

Ban taɓa jin wannan ba, ko mahaifiyarmu ban jin ta ji har ta rasu. Na ce, "Baba, da kun tsaya ai da duk kun mutu."

"Haka na faɗa wa uwarsa," ya ce. "Taku ashirin ne, Uwata. Shekara talatin ina aunawa. Na cikin akwatin nan an tsara masa ya mutu, na ji. Wancan ba wanda ya tsara. Ni na ce ja."

Ya miƙo min rimot ɗin, bai sake tambayarsa ba. Bayan sati biyu jinin ya sauka, likita har da yaba min, wai na iya jinya. Na amsa da godiya. Amma kullum da hantsi Baba yana zaune a kujerar nan, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin da yake ƙoƙarin gyarawa kuma, ni kuwa ina taka keke ina tambayar kaina ko taimakonsa na yi.