Waƙar da ta hana mu ɗauko mai jego

Mun tashi da asuba, ana idar da salla muna barin Sakkwato, mu uku: ni da gwaggonmu da ƙanena da ke tuƙi. Matarsa za mu ɗauko. Ta yi haihuwar fari, ta je wankan gida wurin iyayenta a wani ƙauyen masu kiwo gaba da Horo Birni kaɗan, ta yi arba'in, saura dangin miji mata su je su roƙa a ba su ita da jaririya. Bayan mota cike da turamen atamfa, sabulu, goro da man shafawa.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Tun lokacin neman auren nan iyayen yarinyar suka yi ta ja da baya. Ba ƙanena suke ƙi ba, sun san shi tun yana koyarwa a Shagari. Mu suke tsoro. Sun ce 'yan birni reni gare su, kada a kai musu 'ya inda za a riƙa yi mata dariya. Da ƙyar da siɗin goshi aka shawo kansu. Shi ya sa da za mu fita Hajiyarmu ta bi ni har bakin mota tana jaddada mini in kama bakina, don ta san hali. Na kuwa kama shi. Ba baki ne ya kai ni ba.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da waƙoƙin fim. Akwai wata da ta shiga raina tun bara, mai sarewa a farko, muryar mace na bi a hankali kamar ana lallashin yaro. Fim ɗin kuwa sau ɗaya na kalla, shi ma ina tsallakewa. Labarin wata mai tallan nono ne da aka mai da sakarya: ba ta san yadda ake buɗe ƙofar mota ba, tana gaida madubi, tana tafiya tana zubar da ƙwarya, har wani ɗan birni ya zo ya waye da ita. Shirme tsantsa. Na faɗa a nan ma cewa shirme ne. Na cire waƙar na adana a waya, na jefar da sauran.

Muna hawa titi na kunna ta a 'yar sifikata. Kafin mu kai Bodinga ta zagayo ban san sau nawa ba.

"Ke, wagga waƙa ba ki gajiya da ita?" in ji Gwaggo. "Ke da kinka ce fim ɗin banza na."

"Gwaggo, fim daban, waƙa daban. Ni waƙa nika ji."

Ta taɓe baki ta ci gaba da jan carbinta. Ƙanena kuwa hankalinsa ya riga mu isa. Tun jiya ya wanke motar har da taya, kamar ba laka za mu shiga ba.

Damina ta yi kyau a wannan yanki. Gero ya fitar da kai dama da hagu, dawa ta fi mutum tsawo, ga ruwa kwance a wuraren da ƙasa ta yi kwari. A Bodinga muka tsaya karyawa. Ƙosan wata mata a gefen tasha ya yi daɗi, da zafinsa, yajinta kuwa sai da na nemi ruwa. Gwaggo ta taya albasa, mai ita ya faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji ta tambaye shi ko daga Makka aka kawo ta. Ya ce ta yi haƙuri, tsohuwa ce, sai 'yan fadamar Danchadi sun cire sabuwa za ta sauko. Ta ajiye masa abinsa.

Muna nan tsaye wata mai nono ta zo wucewa da ƙwarya a kai. Sai wasu masu keke da ke jiran fasinja suka ɗauki amshin waƙata, su uku ko huɗu, har da buga jikin keke. Daɗi ya kama ni. Na zunguri Gwaggo na ce to kin ji, ba ni kaɗai ba ce. Har na taya su ƙasa-ƙasa. Matar ba ta waiwayo ba, sai ma ta ƙara sauri. Na gani da idona, ban karanta komai a ciki ba.

Daga Shagari muka bar kwalta. Nan mota ta gane kurenta. Ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa, wani wurin sai mun jira garken shanu ya gama tsallakawa a natse, kamar su suka yi hanyar. Gwaggo ta yi salati ya fi a ƙirga. Da hantsi muka isa.

An karɓe mu karɓa ta mutunci. Ƙanena ya tsaya waje wurin maza, don kunyar surukai, mu muka shiga. An share tsakar gida tas, an shimfiɗa sababbin tabarmi. Inna, mahaifiyar yarinyar, doguwar mace marar yawan magana, ita da kanta ta dama mana fura. Ban taɓa shan irinta ba, nonon ko ɗigon ruwa babu. Aka kawo tuwon gero da man shanu yana ƙamshi. Mai jego ta fito ta durƙusa ta gaishe mu, ta yi fes, jaririya kuwa kamar ƙanena ya yi kaki. A bakin ɗaki na hango kayanta an riga an ɗaure. Gwaggo ta gabatar da abin da muka kawo, ta yi roƙo yadda ake yi, Inna ta ce ai ɗiyarku ce. Magana ta ƙare, saura mu yi azahar mu kama hanya.

Da na zauna shiru da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma mata sun taru, maƙwabta sun shigo ganin baƙi, sai na ga wurin ya yi tsit da yawa, na ce bari in nuna musu mu ba masu girman kai ba ne. Na ciro sifika, na karɓi jaririya, na kunna waƙar da na fi so a duniya, na miƙe ina juyi da ita.

Sarewar na tashi 'yar hirar da ta rage ta ɗauke. Na ɗauka daɗi ne ya kama su, na ƙara murya. Mai jego ta tashi ta shige ɗaki. Wata budurwa, ƙanwarta, ta bi ta. Maƙwabta suka fara neman takalmansu.

"Ɗiyata, kashe abin ga," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba.

Na kashe. Ta miƙo hannu na ba ta jaririyar.

"Kin kalli fim ɗin da anka yi wagga waƙa ciki?"

"Na kalla, Inna. Shirme na. Ni waƙar kaɗai nika so."

"Ku can birni kuna iya rabawa. Mu ba a raba muna ba, tare anka kawo muna su kasuwa."

Sai ta ba mu labari, a taƙaice, tana jijjiga jikarta. Tun da fim ɗin ya fito, in mai nono ta ratsa tasha ko kasuwa, wannan waƙa ake bin ta da ita. Wani ya kwaikwayi tafiyar sakaryar, wani ya tambaye ta ko ta gaida madubi yau. Ita da furfurarta an yi mata. Budurwar da ta shige ɗaki ta daina ɗaukar ƙwarya gaba ɗaya, ko an yi mata faɗa sai dai ta yi kuka. A nan ne mai nonon Bodinga ta faɗo mini a rai, da ni tsaye a gefen titi ina taya masu keke. Na ji kamar in nitse.

"Yau ga shi cikin gidana," in ji Inna, "an ɗauki jikata ana yi mata rawa da ita. In nan kin yi, can gidanku mi za a yi?"

Gwaggo ta shiga ba da haƙuri, tana cewa yarinta ce. Yarinta, ni da na aurar da 'ya. Na durƙusa na rantse ban sani ba. Inna ta ce ta yarda ban sani ba, kuma ba ta yi fushi ba, amma a bar mata ɗiyarta tukuna, sai sun sake shawara da mahaifinta. Ina kallo aka kwashe kayan da aka ɗaure aka mai da su ɗaki.

Da za mu tafi mai jego ta rako mu zaure, idonta ja. Ta riƙe hannuna.

"Yaya, na san ba da nuhi kinka yi ba. Ko can gida kullum kina sa ta, ban dai hwaɗi ba."

Wannan ta fi ta Inna zafi. Wata da watanni yarinyar nan na zuwa gidana da tsohon ciki, tana taya ni tsinke zogale, ina kunna mata abin nan ina tambayarta ko ba ta ji daɗinta ba. Takan yi murmushi ta ce da daɗi.

Gwaggo ce ta yi wa ƙanena bayani a bakin mota. An fito masa da 'yarsa ya riƙe ta kaɗan, aka karɓe. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Muka fito kwalta, muka wuce Shagari, muka wuce Bodinga. Ban ga gero ba, ban ga dawa ba, tafin hannuna na yi ta kallo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya isa. Har yanzu ina ganin ana iya son waƙa a ƙi fim ɗinta. Sai dai wanda ba da shi aka yi fim ɗin ba ne ke da wannan sararin. Ni na tsallake wuraren da ban so, su kuwa ba su da abin dannawa a tasha. Na goge ta daga waya tun a hanya. Ba zan yi muku ƙarya ba, jiya ina wanke-wanke na tsinci bakina yana rera ta, sai da na waiga ko wani ya ji.

Mun iso gida bayan la'asar. An gyara ɗakin mai jego, an yi turare, an yanka kaji, 'yan uwa sun cika tsakar gida. Hajiyarmu ta fito da sauri da sabon zanen goyo a kafaɗa, ta leƙa bayan mota, ta sake leƙawa.

"Ina jikata?"

Ƙanena ya zare makulli ya fita.

"Hajiya, tambayi Yaya," ya ce, ya shige ciki.