Sheƙar Sha-Kauci a Kan Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, muka ɗauko shi daga Bilbis zuwa gidana a Damba. Magana ta ɗauke. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gona, sai ga shi kan tabarma a gindin lemon tsakar gida, sai an tayar, sai an kwantar. Abinci ma sai da lallashi.

Ana nan sai ga wata 'yar sha-kauci, tsuntsuwar nan mai tsotsar ruwan fure, da ɗan dogon baki a lanƙwashe. Ta zaɓi reshen da ke daidai kansa. Kullum tana jigilar yanar gizo da auduga da busasshen haki, har ta haɗa 'yar jaka mai lilo da ƙofa a gefe. Namijin kuwa sai ƙyalƙyali da waƙa, ko tsinke bai ɗauka ba. Baba yakan nuna min shi da hannunsa mai lafiya, yana dariya da rabin baki. Tun da sassafe zai fara buga ƙasa a fito da shi. Kununsa ma ya koma shanyewa tas.

Wata Juma'a yayarsa, Goggo, ta zo dubiya daga Bungudu. Tana ɗaga kai ta ja da baya.

"Innalillahi! Ke, kina zaune aka rataye wa ɗan'uwana asiri a ka? Shi ya sa ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa!"

"Goggo, sheƙar tsuntsu ce fa."

"Ni za ki koya wa sheƙa? Rufe min baki!"

Na kuwa rufe, kuma shirun nan ne ke cina har yau. Ni da aka saƙa abin nan a gaban idona, na tsaya ƙiƙam, wai kada a ce na yi musu da babba. Goggo ta fizgo sheƙar ta jefa a murhu. Ƙwai biyu ne a ciki. Baba yana buga ƙasa yana gurnani, Goggo tana cewa, "Kun gani ko? Abin ne ke fita."

Ta koma Bungudu tana baza labarin ta ceci ƙanenta. Har gobe haka dangi suka sani, kuma wallahi ba na gaishe ta da zuciya ɗaya.

Washegari na shiga ɗaki in fito da Baba gindin lemo. Ya damƙe ƙafar gado da hannun nan ɗaya, ya juya fuskarsa bango. Wata huɗu ya yi a ɗakin nan. Bai sake fitowa tsakar gida ba sai a kan makara.