Idon da Ya Rage wa Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo a unguwarsu ya san Ɗaga-Haɓa. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma ko marigayiya matarsa, in ya ɓata mata rai, da Ɗaga-Haɓa take kiransa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin tela da mai facin taya: shuɗin labule a bango, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, madubi, da mataji ɗaure da zare saboda masu dogon hannu. Kana zama zai gyara maka wuyan riga, ya ja da baya, ya leƙa cikin kyamara, ya ce, "Ɗaga haɓa kaɗan." Ko da hancinka ya riga ya kalli rufi sai ya faɗa. Can sunan ya samo asali.

Rabin unguwar da hotunan da ya ɗauke su suka ƙetare zuwa ƙasashen waje, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu neman aikin ƙarfi, shi kuwa ko ƙofar filin jirgi bai taɓa takawa ba. Bai damu ba. Abin da ya sa a gaba sana'arsa ce, kuma yana da dokokin da ba ya sassautawa. Ba ya ɗaukar mutum sai da yardarsa. Ba ya riƙe hoton kowa, don a wurinsa hoton da bai isa hannun mai shi ba sata ce. Sannan ba ya yarda na'ura ta saita masa fuska. Surukinsa ya taɓa aiko masa da kyamara ta zamani, irin wadda ke nemo fuskar mutum da kanta. Ranar da ta iso ya sa aka kashe mata wannan wayon, ya ci gaba da murza bakinta da yatsunsa yadda ya koya. "Ido ba mudu ba ne," in ji shi, "amma ya san kima." Taurin kai dai, Allah ya ba shi nasa har da na maƙwabta.

To, idon nan da yake taƙama da shi, shi ya fara juya masa baya. Na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wani ciwo da aka yi sakaci da shi. Na daman kuma yanar ido ta soma rufe shi sannu a hankali. Ya ce tsufa ne, ya ce ƙwan shagon ne ba shi da ƙarfi, ya ce komai ban da gaskiya. 'Yarsa ta fari, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa yake kiranta Uwata, ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar waje, kuma ita ta tsaya kai da fata har aka ɗora shi a jirgi. Hoton fasfonsa ma wani ne ya ɗauka, kuma har suka sauka yana mitar cewa mutumin bai san haske ba.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Uwata ce ke fassarawa: za a yi aikin, amma sai sukarin jininsa ya sauka tukuna, kuma ba yanar ce kaɗai ba, idon ya gaji ta ciki. Ana sa ran ya buɗe. Ana kuma iya cire bandeji a tarar ɗan ganin da ya rage ya tafi. Ɗaga-Haɓa ya gyaɗa kai ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma da suka koma gida ya zauna a bakin gado, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka rufe matarsa.

Gidan Uwata can sama yake a bene, ɗaki biyu da ɗan falo. Da safe Uwata ta tafi asibiti, mijinta ya tafi aiki, jikoki su tafi makaranta, a bar shi da talabijin mai surutu da yaren da ba ya ji. Bai yi kwana da yawa a haka ba ya rataya kyamara a wuya.

"Baba, ina za ka?" Uwata ta tambaye shi tana ɗaura takalmi.

"Ƙasa. Zan ga mutane tun ina iya ganinsu."

"Ba ka jin yarensu, ba ka san hanya ba. Baƙo fa makaho ne ko da idonsa."

"To ai ni na riga na yi rabin tafiyar, Uwata. Ba ni makulli."

Ta ba shi, da sharaɗin kada ya wuce tashar bas.

Titin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Tashar bas, gidan burodi, kantin magani, da wani mai gyaran takalma a rumfar katako wadda mutum biyu ba za su juya a ciki ba. Masu yawon buɗe ido sukan bi ta nan, kuma ya tsaya ya ga yadda suke yi: ba sallama, ba sannu, a ɗaga waya a ƙyasta bawan Allah yana tsakiyar cin abincinsa, a wuce. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, kuma da gaskiyarsa. Mutum ne fa, ba tsuntsu ba.

Da mai takalman ya fara, wani dattijo mai gashin baki da ƙusoshi a leɓe. Ya tsaya gabansa, ya dafa ƙirji, ya nuna kyamara, ya nuna shi, ya jira. Dattijon ya ɗauka wani abu ake son sayar masa, ya kaɗa hannu ya kore shi. Washegari Ɗaga-Haɓa ya dawo, ya cire takalminsa da babu abin da ya same shi ya miƙa, ya zauna a ɗan benci da safa. Aka goge takalmi, aka sha shayi, kowa yana zuba da yarensa yana gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma. Da ya sake nuna kyamara, dattijon ya zubar da ƙusoshin a tafin hannu, ya shafa gashin baki, ya zauna ƙyam. Ɗaga-Haɓa ya gyara masa wuyan riga, ya ja baya, ya murza, ya murza, har fuskar ta fito masa yadda yake so. Ya faɗi kalmarsa ta kullum, ya nuna a haɓarsa. Dattijon ya ɗaga.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mai takalma ya kira mai burodi, ya fito da gari har a gira. Sai matar da ke share titin da sassafe, wata mai jiki cikin rigar aiki ruwan lemo. Ta yi alamar a jira, ta jingine tsintsiya, ta gyara kanta a gilashin kantin magani, sannan ta sake shawara ta ɗauko tsintsiyar ta riƙe. Ita bai taɓa wuyan rigarta ba, a jikinsa ya nuna mata. Da ya gama ta ciro waya ta nuna masa hoton wasu yara, ta miƙa hannu can nesa. Ya gane ita ma baƙuwa ce a garin. Ya nuna idonsa na dama, ya yi alamar yanka da yatsa, ya nuna sama. Ta daina murmushi ta dafa ƙirji. Sun fahimci juna.

A ƙarshen titin akwai shagon wanke hoto, kuma ranar hutunta Uwata ta raka shi. Mai shagon ya zaro hotunan daga inji, ya duba, ya ɗaure fuska, ya yi wata doguwar magana yana nuna kyamarar.

"Me ya ce?"

Uwata ta karɓi hotunan ta daɗe tana kallo. "Ya ce sun yi kyau, Baba."

"Duk wannan zubar?"

"Yarensu haka yake, tsawo gare shi."

Ya sa kowane hoto a ambulansa, ya bi masu shi ɗaya bayan ɗaya ya miƙa da hannu biyu. Mai takalma ya kalli nasa, ya kalli Ɗaga-Haɓa, ya sake kallon hoton, sannan ya kama hannunsa ya girgiza har kafaɗa ta amsa. Mai shara ta rungume nata a ƙirji. Ranar ya hau bene da ƙarfinsa, yana cewa a ransa in ma idon zai tafi, to ya tafi a bakin aiki.

Safiyar aikin, suna jiran tasi a ƙofa, mai shara ta bar shararta ta zo ta tsaya kusa da su har motar ta tashi. Abin da ya biyo baya ba ya tuna shi sosai, sai sanyin ɗakin da fitila a saman kansa. Da aka cire bandeji haske ya soke shi, ruwa ya cika idon, ya ga wani abu fari yana motsi. Likita ya ɗaga yatsu, ya faɗi adadinsu daidai. Alhamdulillahi kawai yake maimaitawa. Kullum gari ya waye sai ganin ya ƙara washewa, har ya gano labulen falon da yake ɗauka toka-toka ne ashe furanni ne a jikinsa.

Da aka ba shi izinin fita ya sa baƙin tabarau ya sauka gaida mutanensa. Mai takalma ya miƙe da murna. A bayansa, sama da guduma da almakashi, an kafa wani hoto da ƙusa. Ɗaga-Haɓa ya dube shi. Dishi-dishi yake, fuska ba ido ba hanci, sai wani baƙin abu a inda gashin baki ya kamata ya kasance. Ya ce shi ke nan, idon ya koma. Ya cire tabarau, ya kalli ƙusar, ya gan ta tar har da tsatsarta. Ya kalli zaren da ke rataye kusa da ita, tar. Ya koma kan hoton, dishi-dishi. Idon lafiyarsa ƙalau. Hoton ne haka, kuma shi ya ɗauke shi.

Kunya ta rufe shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai hannu zai cire, dattijon ya riƙe masa wuyan hannu ya girgiza kai. Ya nuna hoton, ya bugi ƙirjinsa: nawa ne. Sannan ya zaro wata ƙusa daga leɓe, ya kafa ta a katakon kusa da ta farko, ya bar ta ba komai a jikinta, ya nuna kyamarar da haɓa. A gidan burodi ma nasu yana manne a jikin gilashi, inda kowane mai saye zai gani.

Da yamma ya jira Uwata ta dawo ta zauna.

"Me mai shagon nan ya ce ranar?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce duk ba su fito ba, a kunna abin da ke saita fuska."

"Kika ce sun yi kyau."

"Kwana kaɗan ya rage a shiga da kai, Baba. In na karɓe maka wannan, da me za ka shiga?"

Can wani tunani ya zo masa wanda ya fi na farko nauyi. "Na gida fa? Tun yaushe?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ta faɗa masa. Ya kai shekara biyu. Tela maƙwabcinsa ne ya kira ta ya sanar da ita. Mutanen unguwa suna zuwa su zauna a kujerarsa, su karɓi hoto su yi godiya, sannan su zagaya ta baya su je babban titi a sake musu. Tela ya bi kowa ya ja masa kunne, ya ce duk wanda ya buɗe baki da shi yake.

Ɗaga-Haɓa ya so ya yi fushi, ya nemi fushin bai same shi ba. Mutum nawa ne suka haɗa baki suka rufa masa asiri, can gida da nan, har da waɗanda ko sunansa ba su sani ba? Godiya ce ta cika masa zuciya har ta yi masa yawa. Ya ce, "Allah ya saka musu," ya kai hannu zai share ƙwalla, Uwata ta tuna masa likita ya hana murza ido.

Kada ka ɗauka ya kunna wayon kyamarar. Ina! Da yatsunsa ya sake ɗaukar mutanen titin kaf, kuma wannan karon mai shagon bai yi doguwar magana ba, babban yatsa kawai ya ɗaga.

Ana gobe zai koma gida ya jawo kujera bakin taga ya ce Uwata ta zauna. Ta ce ba ta shirya ba, daga aiki take. Ya ce haka yake so. Uba ba ya ƙura wa 'yar fari ido, kuma rabon da ya gan ta da kyau tun tana amarya, amma ta cikin kyamara yana da izini. Ya murza a hankali har fuskarta ta fito. Ya ga furfura a gefen ɗankwalinta, ya ga layukan gajiya a ƙasan idonta, ya ga sawun takunkumin asibiti a karan hancinta. Ya sauke kyamarar.

"Uwata, yaushe kika girma haka ban sani ba?"

"Kana can kana faɗa da ƙwan shago, Baba."

Ya yi dariya, ya jira idon ya tsane, ya ɗauka. Hoton ya fito tar, ana iya ƙirga furfurar ɗaya ɗaya. Da ya miƙa mata ta ce ya tsufar da ita, a sake. Ya ce wannan kam ba za a sake ba.