Matosai Biyar a Aljihun Verna

Shekara talatin da ɗaya Verna Kubiak ta yi tana sa wa sarewar ƙarfe matasai a masana'antar da ke bayan titin jirgin ƙasa, a nan garin Elkhart. Ni ce a bencin kusa da nata, kuma ita ta koya mini aikin. Kowane rami na sarewa yana da murfi, ƙarƙashin murfin akwai ɗan matashi mai laushi da ke tare iska. In ya karkace ko da kaurin gashi ne, sautin ƙasa ba zai fito ba. Verna takan zura siririyar takarda ƙarƙashin murfin da na gama, ta ja, ta ce, "Yana yoyo, Rhonda. Idonki na kan aiki ne ko kan direban nan mai gashin baki?"

Ita kanta ba ta iya busa waƙa ko ɗaya ba. Hawa da saukar sauti na gwajin sarewa kawai ta sani.

Da aka rufe masana'antar, ta fito da kofin kofinta da sarewa guda da ta haɗa da hannunta. Sarewar ta ba jikarta Tessa, wadda take riƙo tun uwar ta rasu. Shekara takwas yarinyar na busa ta, kuma wallahi ta iya.

Bara Tessa ta nemi shiga kwalejin kiɗa. Gwajin minti goma ne gaban malamai uku, a watan Fabrairu. In sun yaba, ta samu gurbi da tallafin karatu. In ba su yaba ba, babu kwaleji ke nan, don fanshon Verna ba zai kai ta ko ƙofar makarantar ba. Tun Satumba take atisaye a ɗakin wanki na ƙasa, Verna na sama tana naɗa kabeji da nama. Da ta ji wani sauti ya yi rauni sai ta leƙa matakala.

"Kawo ta nan, 'yar nema, murfi na uku ya gaji."

"Kaka, kunnenki ne ya gaji!"

"Kawo dai."

Kullum kuma murfin ne.

Saura wata ɗaya aka haɗa Tessa da wani malamin busa mai zaman kansa, Mista Haldane, wai ya goge ta. Ya ɗaga sarewar Verna da yatsa biyu kamar ya tsinto ta a bola, ya ce, "Wannan ai ta 'yan faretin makaranta ce. Da sun ga murafenta a rufe ruf, sun gama yanke miki hukunci kafin ki hura." Ya ara mata tasa, irin ta ƙwararru, saura kwana tara.

Irin wannan sarewar, murafe biyar nata suna da huda a tsakiya, tsokar yatsa ce ke toshe su. Yatsun Tessa kuwa shekara takwas suna sauka inda suka ga dama, don tata sarewar ba ta da huda. Verna na gani ta gane. Ta ɗauko murfin kwalbar giya, irin na ɓawon itace mai laushi, da reza, ta yanka matosai biyar, ta goge su daidai hudar.

"Sa waɗannan. Ba mai gani daga nesa."

"Mista Haldane ya ce yara ne ke sa matoshi."

"Mista Haldane ya taɓa kwance sarewa ya mayar? To ki tafi da taki sarewar."

"Haba Kaka, so kike su yi mini dariya? Ke fa ko waƙar yara ba ki iya busawa ba."

Ina wurin. Verna ta zuba matosan a aljihun rigar sanyinta.

Ni na tuƙa su ranar gwajin, awa uku cikin dusar ƙanƙara. Verna na rungume da jakarta, ashe tsohuwar sarewar na ciki, ko da yarinyar za ta sake shawara. Ba ta sake ba. Muka zauna a baranda muna ji ta bayan ƙofa. Farkon ya tafi lafiya. Da ta zo sashen da ake bi a hankali, inda sautin ke gangarawa ƙasa, sai muka ji fuuu, iska zalla. Ta sake, iska. Hannun Verna na cikin aljihu, ta ce a hankali, "Yatsan zobe, hannun dama." Minti shida aka buɗe ƙofa aka ce wa Tessa an gode.

Takardar kwalejin ta zo a Afrilu, layi uku, ba su ɗauke ta ba. Haldane ya karɓi sarewarsa, ya ce fargaba ce ta kama yarinyar, wai ba kowa ke da zuciyar wannan sana'a ba. Na haɗu da shi a kantin cefane, na faɗa masa abin da ke raina gaban mai karɓar kuɗi. Ya tambaye ni ko ni mawaƙiya ce. Na ce a'a, ni dai na san inda iska ke fita, abin da shi bai sani ba.

Yanzu Tessa na manna kafet a masana'antar motocin yawon shaƙatawa, takan dawo da yatsu duk gam. Abin da ke ƙona mini rai shi ne Verna kanta take zargi. Wai da ta iya busa ko waƙa ɗaya, da yarinyar ta saurare ta.

Makon jiya na same ta a teburin kicin ta kwance tsohuwar sarewar tana sake mata matasai. Na ce, "Wa zai busa?"

Ta miƙo mini siririyar takarda. "Ja ki ji. Ba ta yoyo."

Na ja. Ba ta yoyo.