Turmi a tsakiya, ita a gefe

Ni mai faci ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune gindin bedi a Ƙofar Guga, ina tsoma tub a daro ina jiran kumfa ta nuna mani inda ƙusa ta shiga. Boko aji uku na yi, na ukun ma a bakin taga na ƙarasa shi. Saboda haka in ka ji na ce ina ɗaukar hoto, kada ka ɗauka wani gwani ne ke magana. Tsoho ne aka ba waya da tsufansa, ya rasa abin yi da ita.

Wayar kuwa ɗiyata ta fari ce ta saya mani. Malamar makaranta ce, tana aure a Kambarawa, 'ya'yanta huɗu. Ba hannu da hannu ta ba ni ba. Ƙanwata ta ba, wato goggonta, ita kuma ta zo ta ajiye a kan tabarmata ta ce an ce a ba ni. Haka muke da ita tun da aka haife ta. Mu mun tashi muka iske ana kunyar ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kallonsa ido da ido. Ana yaye ta ƙanwata ta goya ta ta tafi da ita, can ta girma. In ta zo gaishe ni, na kan amsa ina duban bango. Uwarta ma har ta fi ni, ita ɗaki take shigewa.

Da farko wayar ƙin ni ta yi. Sholisho, gam ɗin da nake faci da shi, ya busar mani da yatsu, in na shafa gilashin ba ya ji, sai na lasa tukuna. Hotuna goma sha ɗaya na farko duk hancina ne, don ban san kyamarar ni take kallo ba. Da aka juya mani ita, sai babban yatsana ya kama shiga kusurwar kowane hoto kamar shi ma an gayyato shi. Har yau bai daina ba.

Amma abin ya shiga raina. Na ɗauki daron facina da rana a cikinsa. Na ɗauki ragowar ganuwa, da mai shayi yana ɗaga hannu sama yana sheƙa ruwa, da wata akuya da ta hau kan babur tana cin ledar kujera. 'Yan acaban da ke kawo mani faci suka fara cewa in ɗauke su. Da ka ɗaga waya sai mutum ya ƙame, ya ɗaure fuska kamar za a yi masa katin zaɓe. Ni ba wannan nake so ba. Sai in ce waya ba caji, in bari ya saki jiki yana gardamar ƙwallo, sannan in latsa. Ƙarya ce, na sani, Allah Ya yafe mani, amma hoton ya fi kyau.

Ranar Juma'a ɗiyar nan kan zo gida da yaranta su wuni. Jikoki kam ba kunya tsakaninmu, ɗauka nake yi ina tsokanarsu. Ƙannenta ma duk na ɗauke su. Na kuma ɗauki turmin tsakar gida, sau da yawa, har ƙanwata ta ce ko dai in kai shi asibiti ko a kai ni, don ba ta taɓa ganin namiji ya ƙwallafa rai a kan turmi ba.

Ana nan sai aka yi wa mijin yarinyar canjin wurin aiki zuwa kudu, can nesa, tafiyar da ba a san ranar dawowa ba. Juma'ar da ta rage saura mako guda su tashi, ta aiko goggonta ta karɓi wayar, wai tana so ta kwashi hotunan 'yan gida ta tafi da su. Suka zauna a inuwa suna dubawa, ina jin dariyarsu daga zaure. Can sai dariyar ta ragu. Ba a jima ba ta fito da yaranta, ta durƙusa ta ce mani sai an jima, ko la'asar ba a yi ba. Tuwon da aka zuba mata ma ba ta taɓa ba.

Ƙanwata ta iske ni ta dangwarar da wayar a gabana.

“Yaya, akuyar maƙwabta ta fi ɗiyarka hoto. Kowa na ciki, har mai shayi. Ita da ta sayi wayar babu ko ɗaya.”

Na ce ai ta san al'ada. Ta ce ta sani, yarinyar ma ta sani, shekara arba'in ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma an ce kada ka faɗi sunanta, wa ya ce kada ka ɗauke ta hoto, tsofaffinmu sun san waya ne? Ta ce ta ga yarinyar tana share ido da bakin mayafi, kuma haka za ta tafi kudu da abin a ranta.

Na daɗe ina sosa ƙeya. Asirin da na rufe shekara biyu ne, ga shi babu hanya sai in tona da hannuna. Na lasa yatsa na buɗe hoton turmi, na ce ta duba. Ta ce ta gaji da ganin turmi. Na sa yatsu biyu na buɗa gefen hoton. Ga hannu da zobe yana tsince shinkafa. Na wuce na gaba: turmi a tsakiya, a gefe bayan mace da goyo. Na gaba, kunne da ɗan kunne. Wani kuma rabin fuska ne, tana dariya, ban san mi aka faɗa mata ba ranar. Inda take zama ke nan kowace Juma'a, kusa da turmi. Ni kuma in na saita turmin, ba wanda zai ce ga wanda nake kallo.

Ƙanwata ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta kira ni tsohon ɓarawo, daga baya kuma ta yi ta komawa baya tana kallo. Ba ta tambaye ni ba, ta ƙulle wayar a bakin zane ta tari acaba sai Kambarawa. Kwana biyu ba ni da waya. Abin da suka ce wa juna can, har yau ba wanda ya gaya mani, ni kuma ban da bakin tambaya.

Ana gobe za su tafi ɗiyar nan ta zo sallama da hantsi. Muka gaisa yadda muka saba, ita a durƙushe, ni ina duban bango, na yi masu addu'ar sauka lafiya. Da ta tashi sai ta je ta mirgino turmin zuwa inda rana ke faɗowa, ta gyara mayafi ta zauna a gefensa. Ba ni ta kalla ba, goggonta ta kalla.

“Goggo, a ce wa Baba ko zai ɗaukar mani turmin nan in tahi da hotonsa.”

Na ɗaga waya. A cikin gilashin na ga fuskarta gaba ɗaya, ashe goshin tsohuwata ta ɗauko ban sani ba. Na latsa sau uku. Turmin bai fito da kyau ba, rabinsa ma ya yanke. Yatsana kuwa yana nan a kusurwa, kusa da kafaɗarta, ta ce kada a goge shi.