Farfesa a Fadamar Danchadi

A ranin da albasata ta fara yin kai, wani abokin karatuna na firamare ya zo hutu Bodinga. Ya zama farfesa a jami'a, yana koyar da lissafi da kimiyya. An ce har ƙasashen waje ake kiransa ya yi bayani a kan tafiyar igiyar ruwa. Ba wanda ya damu, sai da aka fara ganinsa a fadamarmu ta Danchadi.

Da hantsi yake zuwa. Ya tsuguna bakin magudanar da injina ke zuba wa ruwa, ya tare ta da katako, ya fizge, sannan ya bi ruwan da gudu yana ɗauka da waya. Mutum da furfurarsa.

Maƙwabcina na lambu ya ja ni gefe. "Ba ruwa yake kallo ba, ƙasa yake aunawa. Gwamnati ta aiko shi. Kai da ka san shi, tambaye shi."

Na same shi, ƙafar wandonsa duk taɓo. Na ce, "Malam, mi kaka nema?"

Ya ce akwai wata igiyar ruwa da ke tafiya ita kaɗai, kamar tudu, ba ta watsewa. Duk bincikensa a kanta yake, ya ƙare ƙuruciyarsa yana lissafinta a allo, yanzu yana so ya gan ta a ruwan garinsu.

"To wa ya aiko ka?"

Ya yi dariya har da tari. Dariyar ba ta kwanta mini ba.

Magana ta kai gaban maigari. Farfesa ya cire takalmi, ya ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da nake ɗauka." Dattawa suka karɓi wayar hannu zuwa hannu. Ruwa ne kawai yake gudu. Sai wani tsoho ya ɗora yatsa a gefen hoton, ya ce wannan iccen kan iyakar gonarsa yake. Maigari ya nemi a goge. Farfesa ya goge a gabanmu, bai kuma sake zuwa fadama ba.

Ba wanda ya zo karɓar ƙasa. Wasu sun ce don mun farga da wuri ne.

Bayan damina muka haɗu da Farfesa wurin suna a Shagari. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali. Da zai tashi ya ce, lambun da ke bayan nawa, na wa ne? Na ce ban sani ba.